Tsohuwar Lightroom ko Hayar Wata-wata: Fashin Baƙi ga Masu Sana'ar Hoto

Yawanci ta hanya biyu tambayar take zuwa wa mai hoto, wato ko ya zauna da tsohuwar manhajar gyaran hoto da ya saya ko ya koma sabuwa ta haya. Ta farko, ka dawo daga wajen biki da dare, ka zare memori daga sabuwar kyamarar da ka yi wata da watanni kana tara kuɗinta, ka cusa a kwamfuta, ka buɗe Lightroom, manhajar gyaran hoton da kuka shekara takwas tare, sai ta nuna maka ba ta san waɗannan hotuna ba. Ga hotuna ɗaruruwa, ga dangin amarya sun fara kiran waya. Ta biyu ta fi zuwa a hankali: komai naka yana tafiya daidai, sai ka ci karo da aikin wani abokin sana'a a Instagram, hoton dina da aka ɗauka a zauren da fitilarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma ya fito tas kamar da rana aka yi. Ka tambaye shi, ya ce maka ai sabuwar manhaja ce. Daga ranar zuciyarka ta fara raya maka cewa an bar ka a baya.

Waɗannan hanyoyi biyu ba ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su shi ne yake sa mutane kashe kuɗin da bai kamata ba, ko su ƙi kashe wanda ya kamata. A ta farko aiki ne ya tsaya. A ta biyu kuwa sha'awa ce, wadda wani lokaci tana da hujja, wani lokaci babu. Zan ɗauki misalin da ya fi shafar masu hoto, wato Lightroom 6 da Photoshop CS6 na kamfanin Adobe, domin su ne na ƙarshe da aka sayar saye ɗaya, ka biya ka mallaka, kuma har yau suna nan a kwamfutoci da yawa suna ciyar da gidaje.

Sai an san yadda aka zo nan kafin a gane abin da ake zaɓa a kai. Photoshop ya fito kasuwa a 1990, aikin wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll. Lightroom ta biyo baya a 2007, an yi ta musamman saboda mai hoton da yake dawowa da hotuna masu yawa yana son ya tace, ya gyara, ya fitar. Shekara da shekaru tsarin ciniki ɗaya ne: ka saya, ka yi aiki da abinka, in sabon zubi ya fito ka duba, in ya yi maka ka ƙara kuɗi kaɗan ka karɓa, in bai yi ba ka tsallake shi ka jira na gaba. Masu hoto da yawa a duniya sun saba da tsallake zubi ɗaya ko biyu. A watan Mayun 2013 Adobe ta sanar cewa CS6, wanda ya fito a 2012, shi ne na ƙarshe a wannan tsari. Daga nan sai haya, wadda ta kira Creative Cloud. Lightroom ta ɗan ƙara jimawa. Lightroom 6 ta fito a Afrilun 2015 a kan dala 149, aka ci gaba da yi mata ƙananan gyare-gyare har zuwa Disambar 2017, inda aka tsaya a kan 6.14. Wadda ta gaje ta ita ce Lightroom Classic, kuma ba a samunta sai da biyan wata-wata ko shekara-shekara.

Saboda haka wanda yake riƙe da Lightroom 6 a yau, abin da ke gabansa ya wuce sauya tsohon zubi da sabo. Zai tashi ne daga gidansa na kansa, ko da ya tsufa, ya koma gidan haya mai kyau. Wannan ne ya sa shawarar take da nauyi fiye da yadda take a da.

Mu fara da matsalar kyamara, tunda ita ce take tsayar da aiki cak. Kyamarar dijital tana iya ajiye hoto iri biyu. Akwai JPEG, wanda kyamarar da kanta ta dafa, ta sa masa launi da kaifi, ta zubar da ragowar bayanan. Akwai kuma RAW, ɗanyen hoto, wato duk abin da idon kyamarar ya gani ba a taɓa shi ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. JPEG yana da matakan haske 256 a kowane launi, alhali ɗanyen hoto mai bit 14 yana da 16,384. Shi ya sa idan farar shaddar ango ta ƙone da hasken rana a wajen ɗaurin aure, mai ɗanyen hoto yakan iya dawo da zanen aikin da ke wuyan rigar, mai JPEG kuwa sau da yawa sai haƙuri. Matsalar ita ce kowane kamfani da nasa yaren: Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Canon na da CR2, sannan daga 2018 ya koma CR3, wanda ya fara da EOS M50. Ko a cikin kamfani ɗaya ma, kowace sabuwar kyamara sai an koya wa manhaja yadda za ta karanta ta. Tunda an daina koya wa Lightroom 6 komai a ƙarshen 2017, ba ta san Canon EOS R ba, ba ta san Nikon Z6 ba, ba ta san Sony A7 III ba, balle waɗanda suka biyo bayansu. Photoshop CS6 ma tun 2015 aka rufe masa wannan ƙofa, a kan zubi na 9.1.1 na Camera Raw, wato sashensa da yake karanta ɗanyen hoto.

Da yawa a nan suke yanke hukunci cewa dole a koma haya. Ba dole ba ne. Tun 2004 Adobe ta fito da wani tsarin ɗanyen hoto na gama-gari mai suna DNG, kuma tana ba da wata ƙaramar manhaja kyauta, DNG Converter, wadda har yanzu ake sabunta ta. Aikinta ɗaya ne: ta karɓi CR3 ko sabon NEF ta mayar da shi DNG, tsohuwar Lightroom kuma ta buɗe shi lafiya lau. Na ga masu hoto da suka yi shekaru a kan wannan hanya ba tare da abokan cinikinsu sun ga wani bambanci ba. Amma tana da nata wahalar. Kowane aiki ya sami ƙarin mataki, kuma in hotunan sun kai dubu, jiran ba na wasa ba ne, musamman in janareto ne yake ci maka mai. In kana son ajiye na asali da na DNG duka, wurin ajiya ya kusa ninkawa. Sabbin ruwan tabarau ma ba lallai tsohuwar manhajar ta san yadda za ta miƙe lanƙwasar da suke yi wa gefen hoto ba. Ga wanda yake ɗaukar biki ɗaya ko biyu a wata, wannan abin jurewa ne. Ga wanda yake da aiki kowane ƙarshen mako, a hankali yakan zama ƙaya.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci a ganina, wadda kuma aka fi yi wa amsar gaggawa: me sabuwar take yi wanda tsohuwar ba ta iya ba? A kan hoton da aka ɗauka da kyau, da rana ko da fitilar situdiyo, amsar gaskiya ita ce kaɗan ne. Tsarin sarrafa haske da inuwa da Lightroom take amfani da shi a yau, tushensa tun 2012 aka aza shi a Lightroom 4. Ka ɗauki hoton fasfo, ko na ɗalibai ranar yaye su a filin makaranta, ka gyara a tsohuwa ka gyara a sabuwa, ka wanke su ka ajiye gefe da gefe, da wuya mai hoton kansa ya ware su. In kuma ta WhatsApp za a tura, wanda yake matse hoto kafin ya isar, ko Instagram da yake rage girmansa, to ɗan bambancin da ya rage ma ya tafi.

Inda sabuwar ta yi nisa shi ne wurare uku, kuma dukkansu sun taɓa irin aikin da ake yi a ƙasar Hausa.

Na farko ƙarami ne amma yana da daɗi: Dehaze, abin da yake yaye hazo daga hoto. Ya fito a Yunin 2015, wata biyu kacal bayan Lightroom 6, amma masu haya kaɗai aka ba wa. Wanda ya biya dala 149 bai same shi a allonsa ba. A nan ne mutane suka fara gane inda aka dosa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hawan sallah cikin ƙurar dawakai, ko ya ɗauki gari a tsakiyar hunturu lokacin da hazo ya mayar da komai fari-fari, ya san amfaninsa. Sai dai ana iya kusantar sakamakonsa da tsofaffin kayan aiki in mutum ya iya, don haka shi kaɗai bai isa dalili ba.

Na biyu shi ne ware sassan hoto. A da, in kana son ka haskaka fuskar amarya ba tare da ka ƙona farin mayafinta ba, sai ka ɗauki buroshi ka bi gefen fuskar da hannu, hoto bayan hoto. A Oktoban 2021, Lightroom Classic 11 ta zo da abin da yake gane mutum ko sararin sama da kansa ya ware shi. Bayan shekara guda zubi na 12 ya ƙara gaba: yana gane mutane ɗaya bayan ɗaya a cikin hoto, ya ba ka zaɓin fatar fuska daban, ido daban, leɓe daban, haƙora daban. Kuma kana iya kwafe wannan gyara ka ɗora a kan hotuna hamsin, manhajar ta sake nemo fuskar a kowanne. Ga mai hoton biki wannan ba ado ba ne. Fatarmu baƙa ce ko wankan tarwaɗa, tufafin bikinmu kuwa fari ne ƙal ko mai walƙiya, ga leshi, ga duwatsu, ga gwal. Kyamara tana shan wahala ta riƙe su biyun a lokaci guda: in ta bi rigar fuska ta yi duhu, in ta bi fuskar riga ta ƙone. Aikin da yake cin dare biyu zai iya komawa na yini ɗaya. Lokaci kuma a wannan sana'a kuɗi ne kai tsaye, domin wanda ya kai albam cikin mako shi ake sake kira.

Bari in ɗan tsaya a nan, don abin yana damuna. Sauƙin da wannan kayan aiki ya kawo ya sa wasu suna wuce gona da iri. Ana goge fuska har ta zama kamar roba, ana ɗaga hasken fata har amarya ta fito da launin da ba nata ba, wuya da hannu kuma su tona asiri. Wani lokaci ita ce ta nema, na sani. Amma hoton aure abu ne da jikoki za su ɗauka su duba, kuma ya kamata su ga kakarsu a ciki. Sabuwar manhaja tana ba ka ikon haskaka fuska ba tare da ka canja mata launi ba. Wannan shi ne amfaninta na gaskiya, kuma wanda ya biya kuɗinta don ya riƙa yi wa mutane bilicin a kwamfuta ya yi asarar abin da ya saya.

Na uku shi ne wanda ya fi sa mutane ƙaura, wato Denoise, wanda ya fito a Afrilun 2023. Idan haske ya yi ƙaranci, mai hoto yakan ɗaga ISO don kyamara ta ƙara gani, sakamakon haka hoton ya cika da yashi-yashi, musamman a wuraren inuwa. Tsohuwar hanyar rage shi tana shafe yashin ne tare da shafe gashin ido da zaren tufafi, hoto ya koma kamar an shafa masa mai. Sabuwar hanyar an horar da ita da ɗimbin hotuna har ta iya bambance yashi da ainihin abin da aka ɗauka. Bambancin a bayyane yake, ba sai an ƙura ido ba. Kamu, dina, sa lalle da dare, taron maulidi, wasan dambe bayan magariba, duk inda ba ka da iko da fitila, nan ne take nuna kanta. Har tana iya sa tsohuwar kyamara ta ƙara shekara biyu ko uku tana aiki, kuma in ka auna kuɗin haya da kuɗin sabuwar kyamara, lissafin yana iya komawa gefen hayar. Ba Adobe kaɗai ke da irin wannan ba. Kamfanin DxO na Faransa ya riga ta, tun 2020 ya fito da nasa mai suna DeepPRIME, kuma shi yana sayar da manhajarsa saye ɗaya.

Akwai kuma kayan da suke cire abu daga hoto su cike gurbin da kansu, irin su Generative Fill a Photoshop daga 2023 da Generative Remove a Lightroom daga 2024. Suna da amfani in wani ya gitta bayan ango da amarya, ko wayar lantarki ta ratsa hoto. Amma a lura, waɗannan ba a kwamfutarka ake yin aikinsu ba. Sai an tura sashen hoton zuwa na'urorin kamfanin ta intanet a dawo da shi. Babu data, babu aiki. Kuma mai hoton da aka ba amanar shiga cikin mata a gidan biki ya kamata ya san cewa hoton yana fita daga kwamfutarsa, ko da na ɗan lokaci ne. Denoise da ware fuska kuwa a cikin kwamfutarka suke gudana.

To nawa ne? A 2013 Adobe ta fito da tsarin masu hoto, Lightroom da Photoshop tare, a kan dala 9.99 a wata. Wannan farashi ya zauna fiye da shekara goma bai motsa ba. A Janairun 2025 aka ɗaga shi zuwa dala 14.99 ga masu biyan wata-wata, aka bar shi a dala 119.88 ga tsofaffin masu biyan shekara gaba ɗaya, aka kuma daina karɓar sabbin mutane a wannan tsari. Sabon shiga da yake son manhajojin biyu sai ya ɗauki na dala 19.99 a wata. Wanda Lightroom kaɗai yake so akwai na dala 11.99. Farashi yana canjawa, yana kuma bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a duba na ranar kafin a yi lissafi. In za a yi adalci, ga wanda yake buƙatar Photoshop da gaske, hayar ba ta yi tsada ba in aka tuna cewa CS6 shi kaɗai dala 699 ake sayar da shi. Ga wanda Lightroom kaɗai ta ishe shi kuwa, abin da ya biya sau ɗaya a 2015 yanzu kusan shi zai riƙa biya kowace shekara.

Amma mu ba da dala ake biyanmu ba, kuma nan ne lissafin mai hoto na Kano ko Kaduna ya rabu da na Landan. Kafin watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Dala 120 ta shekara ke nan ta kama kimanin naira 55,000. Zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, wato wannan haya ɗaya, ba tare da Adobe ta ƙara ko sisi ba, ta koma wajen naira 180,000. Babu mai hoton da ya ninka kuɗin aikinsa sau uku a cikin waɗannan watanni. Ga kuma wahalar biyan kanta: an yi wani dogon lokaci bankuna da yawa a Najeriya sun hana katin naira biyan kuɗi a waje, mutane suka koma neman katin dala ko roƙon wani ɗan'uwa a ƙetare. Mai hoto a Maradi ko Damagaram ya ɗan fi samun kwanciyar hankali ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta irin wannan tsalle. Duk wanda zai shiga haya da kuɗin da yake iya faɗuwa, ya sani ya ɗauki alkawarin da ba shi ne yake riƙe da farashinsa ba.

A karanta sharuɗɗan kuma da kyau. Tsarin da aka fi tallatawa yana kama da na wata-wata, amma alkawarin shekara ne da ake biya kashi goma sha biyu. In ka fasa bayan kwana 14 na farko, ana cajin ka rabin abin da ya rage na shekarar. Wannan batu ya yi girman da a Yunin 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai Adobe kotu, tana zarginta da rashin bayyana wannan caji a fili. Abin da ya ɗan sanyaya rai shi ne, in ka daina biya, Lightroom Classic ba ta kulle maka hotunanka. Za ka iya buɗe kundinka, ka duba, ka fitar da waɗanda ka riga ka gyara; sashen gyaran ne yake rufewa. Photoshop kuwa rufewa yake gaba ɗaya. Batun intanet ma ba kamar yadda ake tsoro ba ne: manhajar a kwamfutarka take zaune, tana dai leƙawa lokaci-lokaci ta tabbatar ka biya, kuma mai tsarin shekara yana iya kai kwana 99 ba tare da ya haɗa ta da intanet ba. Wani abin da ya faru a Oktoban 2019 dai ya cancanci tunawa: saboda takunkumin Amurka, Adobe ta sanar za ta rufe asusun duk masu amfani da ita a Benezuwela. Daga baya ta sami izini ta janye, amma darasin ya fito fili, cewa abin haya ana iya karɓe shi saboda dalilin da bai shafe ka ba ko kaɗan.

Kuɗin da ya fi ɓoyewa shi ne na kwamfuta. Sabuwar manhaja ba ta zuwa ita kaɗai. Lightroom Classic ta yanzu tana neman RAM gig 8 a ƙalla, Adobe kuma tana ba da shawarar 16. Denoise da ware fuska sun dogara ne da katin girafik, wato sashen kwamfuta mai sarrafa hoto, kuma a kan tsohuwar laftof ta hannu da ba ta da kati mai ƙarfi, hoto ɗaya yana iya cin mintuna, inda kwamfuta mai kyau take gamawa cikin daƙiƙu. Ka lissafa hotuna ɗari biyu na dina a haka, ka ga ko sauƙin da aka yi maka alkawari yana nan. Mutum yakan biya haya don Denoise, sai ya tarar sai ya sayi kwamfuta, kwamfutar kuma tana jan wuta fiye da abin da batirinsa ko solarsa za su ɗauka. Ta ɗaya gefen ma akwai matsi: tsohuwar manhaja tana rayuwa ne muddin tsohuwar kwamfuta tana raye. Tun macOS Catalina na 2019 ba a iya girka Lightroom 6 ko CS6 a sabuwar Mac yadda aka saba. A Windows sun fi daɗewa, amma Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Wanda ya zaɓi zama da tsohuwa, ya adana fayil ɗin girkawa da lambar lasisinsa a wuri biyu, don ranar da kwamfutar za ta mutu ba ta sallama.

Sai maganar da ba a cika faɗa a fili ba. Da yawa daga cikin manhajojin da ke situdiyoyinmu ba saye aka yi ba. Kirak ne, wato fasasshiyar manhaja marar lasisi, wanda mai gyaran kwamfuta ya zuba a kan 'yan kuɗi kaɗan. Na san dalilin, kuma lissafin naira da na kawo a sama ya isa bayani. Amma ba zan ce daidai ba ne. Haƙƙin wasu ne, wannan ɗaya. Na biyu, fasasshiyar manhaja tana daga cikin manyan hanyoyin da ƙwayoyin cutar kwamfuta suke shigowa, har da irin waɗanda suke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, da masu satar kalmar sirri. Kwamfutar mai hoto cike take da hotunan matan mutane da 'ya'yansu a cikin gidajensu. Wanda ya rasa hotunan bikin da ba za a sake ba, ko hotunan suka fita ta hanyar da bai sani ba, ba kuɗi kaɗai ya rasa ba. Kuma ba a rasa mafita ta halal. Canon yana ba da Digital Photo Professional kyauta ga masu kyamararsa, Nikon yana da NX Studio, Sony yana da Imaging Edge, kuma babu manhajar da ta fi su sanin launin kyamarar gidansu. Akwai darktable da RawTherapee, kyauta ne, suna karanta sabbin kyamarori, ko da yake koyonsu yana son haƙuri. GIMP, shi ma na gyaran hoto ne kyauta, ya fitar da zubi na 3.0 a Maris 2025. Affinity, wanda kamfanin Serif na Ingila ya yi don ya yi gogayya da Photoshop, kamfanin Canva ya saye shi a 2024, a ƙarshen Oktoban 2025 kuma ya mayar da shi kyauta. Ko ɗaya daga cikinsu bai kai Lightroom sauƙin tace hotuna dubu a zama ɗaya ba, amma ga mai ƙaramin situdiyo sun wadatar.

Ni dai ga inda na tsaya. Mai hoton fasfo da na situdiyo, wanda fitilarsa tana hannunsa kuma kyamararsa ba ta canja ba, ba shi da dalilin motsawa; kuɗin ya fi amfani in ya sayi fitila mai kyau, ko faifan ajiya na biyu, ko ya daidaita launin allonsa da na injin wanki, don yawancin kukan “hoton bai fito kamar yadda na gani a kwamfuta ba” daga nan yake, ba daga manhaja ba. Mai ɗauka don sha'awa, manhajar da ta zo da kyamararsa ta ishe shi. Wanda kuwa bukukuwan dare su ne abincinsa, yana da aiki kusan kowane mako, kwamfutarsa kuma za ta iya ɗauka, to jinkirin da yake yi yana ci masa fiye da kuɗin hayar. Ya raba kuɗin shekara da yawan ayyukan da yake samu. A ce naira 180,000 ce, ayyuka arba'in: naira 4,500 ke nan a kan kowane biki, abin da zai iya sakawa cikin farashinsa ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba. In ayyukan shida ne a shekara, lissafin ya zama wani abu daban.

Wanda ya yanke shawarar gwadawa, akwai tarko ɗaya da ya kamata ya sani. Lightroom ba ta taɓa ainihin hotonka. Duk gyaran da ka yi tana rubuta shi ne a wani kundi da ake kira katalog. Ranar da ka buɗe tsohon katalog da sabuwar manhaja, za ta yi kwafinsa ta mayar da shi sabon tsari, kuma tsohuwar ba za ta iya buɗe sabon ba har abada. In ka yi wata shida kana aiki a sabon sannan kuɗi ya yanke, za ka koma tsohon katalog ka tarar ya tsaya a ranar da ka bar shi. Don haka kafin komai ka kwafe tsohon katalog zuwa wani faifai daban, ka kuma kula wajen girkawa kada ka bar zaɓin da yake goge tsohon zubi a kunne. Adobe tana ba da gwajin kwana bakwai, amma tana karɓar bayanan katinka tun farko, in ka manta ba ka fasa ba ta fara cira. Kada ka fara gwajin a makon da kake da aikin mutane a hannu. Ka zaɓi makon da babu biki, ka ɗauko hotuna ashirin mafi wahala da ka taɓa ɗauka, na zauren da ya fi duhu da na ranar da shadda ta ƙone, ka gyara su a tsohuwa ka gyara a sabuwa a kan kwamfutar da kake da ita yanzu, kana duba agogo. Sannan ka kai biyar daga ciki wajen wanki, a girman da kake sakawa a albam, ka shimfiɗa su a tebur ka kira wanda bai san wanne ne wanne ba ya nuna maka waɗanda suka fi.